DAM ƊIN TIGA YA HAURA SHEKARA 50, INA KWANON DA AKE AUNA RUWANMU DA SHI?

Rubutun yau yana da tsawo, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yi min raddi.

Duk shekara da Agusta ya tsaya, sai saƙonnin murya su fara yawo a WhatsApp. Wannan ya ce an buɗe dam ɗin Tiga, wancan ya ce ai tsagewa ma ya yi, mutanen Wudil da Ringim su kwashe kayansu. Bayan kwana biyu sai ka ji wani jami'i a rediyo yana cewa jita-jita ce, jama'a su kwantar da hankalinsu. Mai saƙon murya bai kawo lamba ko ɗaya ba, mai ƙaryatawar shi ma haka. An bar talaka a tsakiya ya zaɓi wanda zai gaskata, alhali gonarsa da ɗakinsa da 'ya'yansa ne a kan hanyar ruwan. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, tsoron ya ninku. Mu kam ba sai an ba mu labarin Alau ba, manyanmu na Bebeji ba su manta da ɓallewar Bagauda a 1988 ba.

To ni maganata ɗaya ce. A kasuwar Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora, ko masarar kwano biyu za ka saya sai an auna a gabanka, kuma in ka ga gindin kwanon a buge sai ka yi magana. Amma kogi guda, wanda miliyoyin mutane ke ci suna sha da shi, an datse shi shekara 50 da ɗoriya, kullum ana rabon ruwansa, kuma babu kwanon awon da talaka yake gani da idonsa. Nawa ya shigo yau? Nawa aka saka? Ina ya tafi? Me ya yi wa kifi da fadama da rijiyoyi a hanya? Wa a cikinku ya taɓa jin an karanta wannan lissafin a rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi?

Bari mu fara bin ruwan da ƙafa, don da yawa daga masu musun ba su san daga inda ya fito da inda za shi ba.

Kogin Kano yana tasowa ne daga tsaunukan da ke kudu da mu, ta wajen Riruwai da gindin tsaunukan Filato. Ya ratsa dajin Falgore ya zuba a tafkin Tiga. An gina dam ɗin tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako. Tsawon bangon ya kai wajen kilomita 6, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kubik mita ɗaya duro 5 ne, irin duron nan mai cin lita 200, sai ka lissafa da kanka. Daga Tiga ruwan ya rabu biyu. Wani ya bi babbar magudanar da aka gina, ta Ruwan Kanya, ya tafi gonakin noman rani na Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure. Sauran ya bi tsohuwar hanyarsa ya haɗu da kogin Challawa a wajen Tamburawa, inda birnin Kano ke jan ruwan famfo. Shi ma Challawan an datse shi a Ƙaraye a 1992. Daga nan sai Wudil, sai Ringim, sai wani shingen kusa da Auyo da ke karkatar da ruwa zuwa gonakin noman rani na kwarin Haɗeja. Abin da ya rage shi ne yake bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are kusa da Gashuwa, ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar inda mutanen Diffa ke noman tattasai, ya ƙare a tafkin Chadi.

Ka ga ke nan ruwan saman da ya sauka a kan ɗorawa a Doguwa, shi masunci yake jira a Nguru. Ba mu san shi ba, bai san mu ba, amma tukunyarmu ɗaya.

Kar wani ya ce zagin Tiga na zo yi. Ni wa? Duk wanda ya je Kwanar Gafan lokacin tumatir ya ga motocin da ke lodi zuwa Legas, ko ya ga shinkafar Kura da alkamar Kadawa, ya san abin da dam ɗin nan ya yi wa Kano. Gidajen da suka rufa asirinsu da noman rani ba su ƙirguwa. Ruwan famfon birni da rani, da shi aka dogara. Masunta sun samu tafkin da babu shi a da. Yanzu har wutar lantarki ake nema a jikinsa. Allah Ya jiƙan Audu Bako da rahama, ya yi aikin da har yau ake cin moriyarsa. Kuma kar a manta, dubban mutanen yankin nan ne aka tasa daga garuruwansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu kafin ruwan ya kwanta. Mu muka fara biyan kuɗin wannan alheri, saboda haka muna da bakin tambaya.

Sai dai dam ba ya ƙirƙirar ruwa. Tarewa yake yi ya raba. Duk abin da ya ƙara wa wani, daga rabon wani ya ɗebo, ko kuma ya sauya masa lokacin da zai same shi. Wannan sauyin lokacin shi ne abin da mutanenmu ba su cika ganewa ba, kuma shi ne ya fi ɓarna.

Kafin 1974 kogin nan yana da lokacinsa. Da damina ya yi toroƙo, a Agusta da Satumba ya malale fadamu. Da rani ya janye ya bar yashi, sai an tona ake samun ruwa. Rayuwar mutanen gabas gaba ɗaya a kan wannan cika da janyewa aka gina ta. Tarwaɗa da karfasa da sauransu suna bin sabon ruwa su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi, in ya fara janyewa su gangaro kogi, masunci ya samu. Manomi ya shuka shinkafa ruwa na hawa, in ya janye ya bi danshin ya shuka wake. Makiyayi ya samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama ya nutse ƙasa, ya cika rijiyoyin garuruwan da ko kogin ba sa hangowa. Hatta tsuntsayen da ke tsallako sahara daga Turai lokacin sanyi, a can suke sauka.

Da aka datse, sai aka juya lissafin. Cikar damina ta ragu, sannan ruwa kaɗan-kaɗan ya riƙa gudu duk shekara ba ya yankewa. A shekarun 1960, filin da ruwa ke malalewa a fadamun Haɗeja da Nguru yakan haura murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. Zuwa farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da rabin haka. Gaskiya ne farin 1973 da na 1984 da ƙarancin ruwan saman wancan zamani suna da nasu kason. To nawa ne na fari, nawa ne na dam? Awo ne kaɗai yake raba wannan gardamar, ba ɗaga murya ba.

Sai kuma kachala. Ciyawar nan ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. A da rani yana kashe ta, ƙasa ta bushe, shanu su tattake, wuta ta cinye. Yanzu da ruwa ba ya yankewa, ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya rasa hanya sai ya karkata. Shi ya sa yake tafiya ta hanyar Marma zuwa Nguru ya cinye gonaki da gidaje, alhali wasu rassan kogin sun bushe, mutanensu na kuka da ƙishi. Gari ɗaya yana nutsewa, maƙwabcinsa yana neman na ban-ruwa, kuma kogi ɗaya ne. A cikin kachalar nan jan-baki ke kwana su fito su cinye shinkafa da gero, a ciki sauro ke hayayyafa, a ciki dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama. Yau mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake zuwa, kogin da ba a datse ba. Shi ya sa duk ranar da aka tada maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi, mutanen Yobe da Borno suke miƙewa tsaye. Sun ga abin da ya samu ɗan uwansa.

Yanzu ku lura da wani abu. Duk wannan bayanin da na zuba, daga ina aka same shi? Wasu bayin Allah ne suka zauna suka auna. Ma'aikatan ruwa na tsohuwar jihar Kano, su WRECA, sun kafa sandunan awo a bakin kogi a wurare irin su Wudil, ana karantawa ana rubutawa a littafi. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, suka riƙa hawa jirgin sama suna zagaya fadamar don su ga iya inda ruwa ya kai kowace shekara, suna ƙirga tsuntsaye. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta amfanin ruwan a wurare biyu. Suka gano cewa in aka haɗa noma da kamun kifi da itace, amfanin da ake samu daga kowane kubik mita na ruwa a fadama ya fi wanda ake samu a gonakin noman rani na kogin Kano nesa ba kusa ba. Na san wannan maganar ba za ta yi wa 'yan uwana na Kura da Kadawa daɗi ba. Madalla. Lissafin ya haura shekara 30, noman shinkafa ya sauya, farashi ya sauya. Wanda yake ganin ba haka abin yake ba yanzu, ga fili ga mai doki, ya auna ya kawo nasa. Abin kunyar shi ne har yau da lambobin zamanin iyayenmu muke gardama.

Ku tuna Satumban 2010. Ambaliya ta ci Jigawa, gwamnatin jihar ta fito ta ce an buɗe Tiga da Challawa ne. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda dam ɗin ke hannunta, ta ce ba ta buɗe komai ba, ruwan sama ne ya yi yawa dam ya cika ya tumbatsa da kansa. Hukumomin gwamnati biyu, kogi ɗaya, labari biyu. Da a ce tun farkon damina ana lika tsayin ruwan Tiga da abin da ake saki kowace rana inda kowa zai gani, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya raba musu gardama. Kuma abin da ya fi raba gardamar muhimmanci, da mutanen Ringim da Auyo sun ga ruwan yana hawa tun kwanaki kafin ya iso su. A 2022 ambaliya ta sake yi wa Jigawa mummunar ɓarna, aka sake komawa nuna yatsa.

Rashin awon nan fa ba mutanen gabas kaɗai yake cuta ba, har mu yana ja mana sharri. Sau nawa kuka ji an ce Tiga ne ya ƙafar da tafkin Chadi? Alhali mafi yawan ruwan Chadi, sama da kashi 90 cikin 100 na abin da koguna ke kai masa, daga Shari da Logon yake zuwa, ta Kamaru da ƙasar Chadi. Kason kogin Yobe ɗan kaɗan ne. Lamba ce ta wanke mu a wannan. Wanda yake da gaskiya ba ya tsoron mudu.

Yanzu bari in dawo gida, don in na tsaya a kan hukuma kawai ban yi adalci ba.

Dajin Falgore kusan murabba'in kilomita 1,000 ne. Tun ƙarshen shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi, sunansa na farko ma dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Sunan farkon nan ya faɗi aikinsa. Dajin shi ne matacin kogin. Ruwan sama in ya sauka a kan bishiya da ciyawa, a hankali yake gangarowa, ƙasa ta sha, ya iso kogi da sauƙin laka. In ya sauka a kan tsurar ƙasa, da gudu yake tahowa, ya kwaso ƙasar gonarka ya kai ta Tiga. A can kuma ba ta da hanyar fita, a gindin tafkin take kwanciya shekara bayan shekara.

To wa bai ga buhunan gawayi a bakin titin Kano zuwa Jos ba? Wa bai san yadda ake bin kirya da marke da maɗaci ba? Wa bai ga gonaki suna cin gefen dajin ba, har zuwa bakin rafi? Mai gawayin namu ne, manomin namu ne, makiyayin da ke sassabe reshe namu ne, mai sayen gawayin a birni shi ma ɗan uwanmu ne, kuma na san talauci da tsadar gas da kananzir ne suka kai mutane. Amma ruwa ba ruwansa da uzurinmu. Duk bishiyar da ta faɗi a Falgore, laka ce ta ƙaru a Tiga.

Ga inda haɗarin yake. Sandar awo a bakin dam tsayin ruwa take nunawa, ba ta nuna abin da ke ƙasa. Tafkin zai iya nuna maka ya cika fal, alhali wani kaso na cikinsa taɓo ne. Wato dai kwano mai bugaggen gindi. Ƙari a kan haka, a farkon shekarun 1990 an rage tsayin mazubar dam ɗin don kare lafiyar bangon, abin da ya rage yawan ruwan da yake iya riƙewa. Ke nan biliyan 2 ɗin da muke ta ambata lissafin ranar biki ne. Shi kuwa dam ɗin da cikinsa ya ragu yana cutarwa sau biyu: da damina ya yi saurin tumbatsa, da rani ya yi saurin ƙarewa.

Abin da ke ba ni haushi, duk lokacin da aka tuna da Falgore, don wani abu ne daban. An tuna da shi lokacin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabe mu, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017. An tuna da shi lokacin da gwamnatin Ganduje ta gayyaci makiyaya, aka zo aka yi maganar rugar Ɗansoshiya a Kiru. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin sababbin gandun daji 10 na ƙasa, kuma a cikin jerin nan har da fadamar Haɗeja. Kan kogin da wutsiyarsa a takarda ɗaya! Duk waɗannan suna da muhimmanci. Amma yaushe za a tuna da Falgore a matsayin inda ruwan Kano yake farawa?

Ga kuma Riruwai, inda ake haƙar kuza tun zamanin Turawa, kuma har yau ana haƙar ma'adinai. Duk inda ake tona dutse ana wanke shi a saman kogin da mutane ke sha, wajibi ne a riƙa gwada ruwan. A Zamfara a 2010 sai da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinare, kuma sai da aka fara binne yara sannan aka gwada ƙasar. Haka takin zamani da maganin feshi da ke wankowa daga gonakin noman rani, haka ruwan masana'antun jima da ke shiga Challawa. Duk a kogi ɗaya suke haɗuwa.

To me nake so a yi? Ba dogon turanci ba ne.

1. Kowace rana, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, a fitar da tsayin ruwan Tiga da Challawa, da abin da aka saka wa magudana, da abin da aka saka wa kogi, da abin da ya tumbatsa. A sa a shafin hukuma, a karanta da Hausa a gidajen rediyon Kano, Dutse da Damaturu.

2. A kafa sandunan awo a saman tafkin, inda kogin ya fito daga Falgore, a gyara na ƙasa har Gashuwa. A ɗauki ɗan garin, malamin makaranta ko ɗan mai unguwa, ya riƙa karantawa safe da yamma yana turawa ta waya, a biya shi.

3. A auna zurfin tafkin Tiga daga gefe zuwa gefe, a faɗa mana nawa laka ta ci, a maimaita duk bayan 'yan shekaru.

4. A ba sarakunan ruwa littafi. Wane kifi ake kamawa, wane girma, a wane wata, wanne ne aka daina gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon masunci ya san ranar da giwan ruwa ya fara wuya a komarsa, amma in ya rasu ilimin ya tafi da shi.

5. A riƙa gwada ruwan sau biyu a shekara, damina da rani, a wurare sanannu: ƙasan Riruwai, cikin tafki, ƙasan gonakin Kadawa, Tamburawa, Wudil da Haɗeja. A buga sakamakon.

6. A riƙa fitar da taswirar dajin Falgore da ta kachalar Haɗeja duk shekara. Tauraron ɗan'adam na Landsat yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, kafin a gama Tiga, kuma hotunan kyauta ne a intanet. Muna da Jami'ar Bayero, muna da jami'ar kimiyya ta Wudil a bakin kogin, akwai ta Dutse, akwai ta Kafin Hausa. Ɗalibai nawa ne ke neman abin da za su yi bincike a kai?

7. Kafin a fara noman rani, a zauna da manoman Kano, da na Jigawa, da masunta, da makiyaya, da mutanen Yobe, a buɗe lambobin a kan tebur, a tsara ranakun sakin ruwa, kowa ya san ranar.

Na san abin da za a ce.

Za a ce sirrin tsaro ne. Haba jama'a! Tsayin ruwan da kowane masunci yake gani daga cikin kwale-kwalensa shi ne sirri? Wanda bai sani ba shi ne mutumin Auyo da ruwan zai kwana a ɗakinsa. Ɓoyewar ce ma take haifar da saƙonnin muryar da ke firgita gari.

Za a ce babu kuɗi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, kuma na kogin Kano da na kwarin Haɗeja suna ciki. An gyara magudanai, mun gani, mun gode. Sandar awo kuwa ƙarfe ce da fenti. Albashin mai karanta ta na shekara bai kai kuɗin tayoyin motar babban jami'i ɗaya ba. Kuma duk ambaliya ɗaya, kuɗin tabarmi da buhunan shinkafar agaji sun ninka wannan sau nawa?

Za a ce ruwa na Allah ne, ambaliya ƙaddara ce. Babu musu, Allah ne ke saukar da ruwa. Amma bangon Tiga mutum ne ya gina, kuma mutum ne yake murɗa makunnin da ke sakin ruwan. Abin da aka damƙa a hannunka amana ne, kuma mai riƙon amana ana tambayarsa lissafi. Malamanmu kullum suna yi mana wa'azi a kan tauye mudu a kasuwa. Wanda ya tauye wa gari guda ruwa fa?

Sai babbar maganar, wadda ake raɗawa ba a faɗa a fili: in aka auna, 'yan Jigawa da Yobe za su ce a rage wa Kano. 'Yan uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Awon nan mu zai fara amfana. Manomin da gonarsa take ƙarshen magudana a Bunkure, wanda na gaba suke shanye ruwa kafin ya iso shi, awo ne zai ƙwato masa haƙƙinsa. Ruwan da ke zubewa a banza ta fasassun magudanai da ban-ruwan ganganci, in aka gano yawansa aka toshe, ya isa a ƙara wa wani ba tare da an rage wa kowa ba. Kuma a sakar wa fadama ruwa a lokacin da ya dace ba sabon abu ba ne. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 don noman shinkafa, fadamar Waza da Logon ta bushe, kifi da kiwo suka durƙushe. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ana bi ana aunawa. Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo, kuma ba a rushe dam ɗin ba. Maƙwabtanmu ne fa, ba Amurka ba.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Tun 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da shi. Akwai hukumar NIHSA da ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Hukumomi kam akwai su. Abin da ya rage shi ne lambar ta fito daga cikin fayil ta iso kunnen mai gona.

Kuma ba sai mun jira an yi mana alfarma ba. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowane ɗan Najeriya yana da damar rubuta wa hukumar tarayya takarda ya nemi bayani, kuma doka ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ga aiki. Maimakon taron karrama masu kuɗi da rabon kalanda, ku rubuta takarda ɗaya: muna neman tsayin ruwan Tiga na kowace rana na shekara 10 da suka wuce, da sakamakon awon laka na ƙarshe. In an ba ku, ku lika a nan kowa ya gani. In an hana ku, shi ma ku lika mu gani.

'Yan majalisarmu na tarayya da na jiha kuma, duk wanda ya zo neman ƙuri'a ya ce zai kawo mana ci gaba, a tambaye shi: ranka ya daɗe, nawa ne ruwan da ke cikin Tiga yau, kuma kadada nawa ta rage a Falgore? In ya fara kame-kame, kun san bai san abin da yake wakilta ba.

Mu da ke kan kogin nan mu ne farkon masu shan sa, kuma mu ne farkon waɗanda za a tambaya. Wanda yake da ɗan uwa a Haɗeja, Nguru ko Gashuwa ya tura masa wannan rubutun, mu ji ta bakinsu su ma. Masunta da manoman rani da ke cikinku, ku faɗa mana abin da idonku ya gani ya sauya a shekara 20 ɗin nan, da sunan wurin da shekarar. Daga nan za mu fara namu littafin.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya da fari, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.